Garin da Ke Cikin Akwatin Gem

Su huɗu ne a gidan Koskela, amma wata tara a kowace shekara su uku ne. Russ, uban gidan, ma'aikaci ne a manyan jiragen ruwan da ke ɗaukar tama daga tasharmu su bi tafkuna da ita. Yakan tafi a ƙarshen Maris idan ƙanƙara ta saki ruwa, ba ya dawowa zama sai Janairu. Matarsa Darlene tana aiki a ɗakin girkin asibitin gari, wani makon da safe, wani makon da yamma. 'Ya'yansu biyu, Emmet mai shekara goma sha shida da Linnea mai goma sha ɗaya. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da ya yi musu ƙaranci shi ne wuri, da kuma lokacin zama tare. Gidan haya ne a saman bene, falo ƙarami, talabijin ɗaya, doguwar kujera ɗaya da ta lotsa a tsakiya.

Ni na koyar da yaran duka biyu a aji biyar, shekara biyar tsakaninsu. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani Linnea ce ta gaya mini, saura kuma daga bakin uwarsu na ji.

Shekara uku kafin Linnea ta shigo ajina, Russ ya dawo da akwatin gem, irin wanda ake jonawa da talabijin, da hannaye biyu na bugawa. Ya rubuta sunayen yaran biyu a jikin kwalin, ya kafa doka ɗaya: akwatin nasu ne su biyu, babu wanda zai ba da aronsa ko ya rabu da shi sai ɗayan ya yarda. Darlene ce mai tsaron dokar idan ba ya nan.

Gem ɗin da suka fi so na gini ne. Mutum ya sare itace, ya haƙo dutse, ya gina abin da ya ga dama. Allon talabijin yakan rabu biyu, Emmet a sama, Linnea a ƙasa, suna zaune kafaɗa da kafaɗa. A hankali suka gina gari guda, suka sa masa suna Bakin Ruwa. Akwai tashar jiragen ruwa, da kasuwa, da gonar kabewa, da garken tumaki da Linnea ta raɗa wa kowacce sunan wani ɗan ajinsu. Har ni an sa wa wata tunkiya sunana, wai ita ce ba ta gudu. Akwai kuma wata gada da Russ ya gina a wani hunturu da yake gida. Yatsunsa manya ne, ba su saba da hannun gem ba, sai gadar ta fito a karkace, ƙarshenta bai ma sauka daidai kan hanya ba. Yaran suka ƙi gyara ta. Duk lokacin da ya bugo waya daga jirgi, bayan ya tambayi makaranta, sai ya tambayi gadarsa, Linnea ta ce tana nan ba ta faɗi ba.

A shekarar da Linnea ta shigo ajina, Emmet ya fara ja da baya. Abokansa duk sun koma buga gem a kwamfuta. Sukan haɗu ta intanet bayan makaranta, kowa a ɗakinsa da abin ji a kunne, su buga wasannin da akwatinsa ba ya ɗauka. Washegari a motar makaranta hirar wasan jiya suke yi, shi kuwa ya zauna yana kallon taga. Babban abokinsa Colby ba ya raga masa. Idan ya zo gidan ya tarar da su a kan kujera, sai ya tsaya a ƙofa ya riƙe ƙugu.

"Mutumina, har yanzu kana nan kana kiwon tumaki da jaririya? Kakata ma ta fi ka kayan aiki."

"Kakarka ta fi ka iya wasa dai," in ji Linnea.

Emmet yakan yi dariya, amma ba ta kai masa ciki.

Ya kama aikin jera kaya a wani kantin abinci ranakun Asabar, ya fara sayen kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, don su matasan nan ba sa sayen haɗaɗɗiya, da hannunsu suke haɗa ta. Zuwa kaka ya tara komai a ƙarƙashin gadonsa, sai abu ɗaya, katin da ke fitar da hoto, wanda ya fi kowanne tsada. Akwai wani shagon gem a bakin babbar hanya da ke karɓar tsohon akwati da hannayensa da faya-fayansa a yi musanya. Da abin da ke hannunsa da akwatin, katin zai samu. Abin da ya tsaya masa shi ne dokar Baba.

A watan Oktoba nakan ba 'yan ajina aikin rubutu iri ɗaya kowace shekara. Yaro ya zaɓi abubuwa biyu ya kwatanta su, ya jera amfanin kowanne da illarsa, sannan ya faɗi wanda ya zaɓa da dalilinsa. Yawanci kare da kyanwa nake samu, ko bazara da hunturu. Linnea ta so ta yi jirgin ruwa da jirgin ƙasa. Da ta faɗa a gida, Emmet ya ce wannan ai kowa zai iya, me zai hana ta yi kwamfuta da akwatin gem, shi kuma ya taimaka mata. Rabonsa da ya zauna da ita kan aikin makaranta an fi shekara. Ta gaya mini daga baya cewa ko dutse da dutse ya ce ta kwatanta, da ta yarda.

Yamma uku suka yi a teburin kicin, kuma abin da ya gaya mata yawancinsa gaskiya ne. Hoton kwamfuta ya fi fita. Idan wani ɓangare ya tsufa sai a cire shi a sa sabo, akwati kuwa idan ya tsufa ya tsufa gaba ɗaya. Wasanni sun fi yawa a kwamfuta, kuma sukan yi araha. Ana iya ƙara wa gem abubuwan da masu shi ba su sa ba, a kawo dawakai ko jiragen ƙasa cikin gem ɗin gini. Ga shi kuma ana aikin makaranta da ita. A ɓangaren akwati ta rubuta cewa ba ya ba da wahala, a kunna kawai a fara, kuma ana zama a kan kujera mai laushi.

Da ta kawo mini rubutun farko, na ce ya yi kyau, amma illolin kwamfuta sun yi kaɗan, ta koma ta ƙara tunani. Na kuma tuna mata abin da nake gaya wa kowa, cewa duk maganar da mutum bai gani da idonsa ba, ya rubuta wanda ya gaya masa.

Ta koma ta yi tunanin. Ta samo tsada, ta samo cewa mutum ɗaya ne ke zama a gaban kwamfuta. Sai kuma wani abu ya faɗo mata, ta je ta sami yayanta yana wanke kwanuka.

"Yaya, garinmu fa? Idan babu akwatin, ina zai tafi?"

Bai juyo ba. Ya ce, "A filashi za mu juye shi, Gajera. Kamar yadda Mama ke juye miya daga tukunya zuwa roba. A kwamfuta ma ruwan tashar har ƙyalli zai riƙa yi."

"Da gadar Baba?"

"Da gadar Baba da karkacewarta."

Ta rubuta wannan a cikin amfanin kwamfuta, a gefensa ta sa, da ƙaramin rubutunta mai tsafta, cewa yayanta Emmet ne ya gaya mata. A sakin layi na ƙarshe ta ce ita kwamfuta ta zaɓa. Na ba ta cikakken maki, na zana mata tauraro a saman takardar. Ban san komai game da waɗannan na'urori ba, ban kuma tambayi kowa ba.

Darlene ta manna takardar a ƙofar firij, inda ake manna duk abin alfahari. Kwana biyu bayan haka, suna cin taliya da cuku, Emmet ya kawo maganar musanya. Uwar ta tuna masa dokar. Sai ya tashi ya ciro takardar ya karanta mata sakin layi na ƙarshe, ya ce ga shi nan da hannunta ta rubuta, har Malama ta sa tauraro.

Darlene ba mace ce da ake rufe wa ido da takarda ba. Ta ajiye cokali ta dubi 'yarta.

"Ba rubutun makaranta nake tambaya ba, ke nake tambaya. Kin yarda a ba da shi?"

Linnea ta dubi Emmet. Ya ɗaga mata gira, irin yadda yake yi idan za su shiga kogo mai haɗari a cikin gem kuma yana so ta biyo shi. Ta ce ta yarda, tunda garin zai bi su.

Ranar Asabar ɗin bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, lokacin da shaguna ke karya farashi, suka tafi su uku. Linnea ce ta rungumi akwatin a cinyarta a bayan mota, an naɗe shi da tawul saboda dusar ƙanƙara. Shagon cike yake da mutane. Da layi ya zo kansu, wata budurwa mai shuɗin gashi ta jona akwatin da wani ƙaramin allo, ta gwada hannayen biyu, ta ce na biyun maɓallinsa ɗaya ya fara laushi. Na Linnea ne. Sannan ta yi bayani cewa ƙa'idar shagon ita ce a goge komai a gaban mai kaya, don kada a tafi da bayanan wani. Ta tambaya ko sun adana abin da suke so, domin idan an goge an goge ke nan.

Emmet ya ciro filashi ja daga aljihu ya nuna mata. Ya ce komai na ciki.

Budurwar ta ɗan dube shi, kamar za ta ce wani abu. Mutumin da ke bayansu ya yi tsaki saboda jira. Sai ta juya ga Linnea da murmushi, ta miƙa mata hannun gem ɗin, ta ce ko ƙanwa za ta yi sallama da shi da kanta. Allon ya yi tambaya sau biyu ko an tabbata. Sau biyu Linnea ta danna. Wani farin layi ya fara tafiya daga hagu zuwa dama, bai ɗauki minti uku ba.

Washegari Emmet da Colby suka haɗa kwamfutar a teburin kicin. Ta ƙi tashi da farko, suka kwance ta suka sake ɗaurawa, suna zagin juna, har aka gano wata waya ce ba ta shiga da kyau ba. Da ta tashi, fitilu masu launi suka kama a cikinta ta bayan gilashi, Colby ya buga wa Emmet kafaɗa ya ce yau ya zama mutum. Aka kai ta ɗan ɗakin Emmet, aka ɗora a kan tebur a lungu, da kujera ɗaya a gabanta, don ɗakin ba zai ɗauki biyu ba.

Kwamfutar ta yi kyau, Linnea da kanta ta faɗa. Ya nuna mata wani gem da ake ganin kowane ganye a kan bishiya yana motsi. Ya bar ta ta buga aikin kimiyya a kai. Amma da ta kawo filashin ta ce a buɗe garin, ya ce sai ya sauke wata manhaja da za ta juya shi tukuna. Kwana biyu bayan haka ya ce manhajar ta ƙi aiki, zai nemo wata. Daga nan ya ce sai ƙarshen mako. Ƙarshen mako ya zo, yana aiki ranar Asabar, ranar Lahadi kuma su Colby na jiransa.

Takan tsaya a bayan kujerarsa bayan makaranta. Kunnuwansa a rufe, yana magana da mutanen da ba ta gani, yana dariyar da ta daɗe ba ta ji ya yi ba. Idan ta taɓa kafaɗarsa sai ya ɗaga gefe ɗaya na abin kunnen ya ce, "Minti biyar, Gajera." Sai ta koma falo. Talabijin na nan, da wayar da aka cire daga akwatin tana lilo a bayanta. Da Russ ya bugo daga jirgi ya tambayi gadarsa, ta ce masa tana hanya, ana ƙaura da ita.

Mako uku aka yi a haka. Ranar wata Talata a watan Disamba sanyi ya yi tsananin da ba mu bar yara fita wasa ba bayan abincin rana. Suna ta hayaniya a bayan aji da kwalayen wasa, sai Linnea ta zo teburina ta ajiye filashi ja. Ta ce yayanta ayyuka sun yi masa yawa, ko zan duba mata sunan abin da ke ciki, don ta nemi manhajar da kanta a ɗakin karatu, ta ba shi mamaki.

Na sa shi a kwamfutar aji. Jaka ɗaya ce a ciki. Na buɗe, sai ga hotuna a jere, sittin da uku. Na duba ko akwai wani abu a ɓoye, na sake dubawa. Babu komai sai hotunan.

Na ce, "Linnea, hotuna ne kawai a nan. Ko akwai wani filashin a gida?"

Ta ce wannan ne, shi ya nuna a shago. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta ce in buɗe na farko.

Ranar ce na fara ganin Bakin Ruwa. Ban zaci haka yake ba. Wanda ya ɗauki hotunan ya bi garin a tsanake, titi bayan titi, bai tsallake komai ba. Ga tasha daga sama, ga ta daga cikin ruwa. Ga kasuwa rumfa rumfa. Ga tumakin, kowacce an matso kusa har sunanta ya fito. Ga cikin gidan Linnea, da gadonta da akwatunan da ta jera. Gadar kuwa hoto bakwai aka yi mata, daga gabas, daga yamma, daga ƙasa, da wani da rana ke faɗuwa a bayanta.

Ita ke cewa in wuce, ni ina dannawa. Ba ta yi kuka ba. Can ta ce allon bai rabu biyu ba a ko ɗaya, wato ba ta gida lokacin da aka ɗauka. Da muka zo kan gonar kabewa sai ta ɗora hannunta a kan nawa.

"Tsaya, Malama."

Gona ce cike da kabewa manya manya, layi layi.

"Na girbe wannan tun farkon Oktoba," in ji ta. "Na shuka alkama a wurin. Tun kafin ki ba mu aikin rubutun."

Na fahimci abin da take nufi. Na ce wataƙila akwai bayani, ta bari ta tambaye shi a hankali. Ta ce to. Ta cire filashin, ta sa a aljihun rigar sanyinta, ta koma wurin zamanta. Da aka koma darasi ta yi lissafinta duka, ba ta ci gyara ko ɗaya ba.

Abin da ya faru a gida Darlene ce ta ba ni labari, don a makon nan aikin safe take yi, tana kicin lokacin da yaran suka dawo. Linnea ba ta cire takalmi ba ta wuce ɗakin yayanta. Ba ta taɓa kafaɗarsa ba wannan karon, abin kunnen ta zare gaba ɗaya. Ya juyo zai yi faɗa, ya ga filashin a tafin hannunta, ya fasa. Muryar Colby na fitowa ƙasa ƙasa daga abin kunnen, yana tambaya ina ya shiga, ana kashe su a cikin gem.

Ta tambaye shi ina garin. Ya fara maganar manhaja. Ta ce ta buɗe a makaranta, ta ga hotuna, ta ga kabewa. Uwar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu.

Sannan ya faɗi gaskiya. Irin akwatinsu ba ya barin a kwashe gari a filashi, ko da ya bari ma kwamfuta ba za ta karanta ba. Ya bincika tun watan Satumba, ya tambayi Colby, ya tambayi mutane a intanet, kowa ya ce ba ya yiwuwa. Ya ce ya yi ta sa rai ko wata dabara za ta ɓullo kafin ta gane. Ya ce ba ta san yadda ake ji ba, mutum ya zauna a mota kullum abokansa na hira kamar ba ya wurin.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya miki, da kin yarda?"

"A'a."

"To kin gani."

Darlene ta ce ita wannan amsar ce ta fi ƙona mata rai, don ba da gatsali ya faɗe ta ba, a sanyaye ya faɗa, kamar mai bayanin abin da kowa ya kamata ya gane. Ta ce masa ya kashe kwamfutar. Ta buga wa shagon waya a tsaye a wurin. Aka ce mata an sayar da akwatin tun makon farko, kuma ko yana nan babu abin da za a iya dawo da shi. Ta tambaya ko za su karɓi katin, aka ce an riga an buɗe an yi amfani da shi.

Ta hana shi taɓa kwamfutar har sai ubansa ya dawo, in ban da aikin makaranta, ta kuma ce shi zai gaya wa Russ da bakinsa. Ta cire takardar daga ƙofar firij. Linnea ta karɓa ta ninke ta sa a jakarta, ba ta yaga ba.

Emmet ba mugun yaro ba ne, na san shi tun yana ɗan shekara goma. Ya yi ƙoƙarin gyarawa ta hanyar da ya iya. Ya roƙi uwarsa ta bar shi ya kunna gem ɗin ginin kawai, ta bari. Ya buɗe sabon fili, ya ajiye hotunan a gefen allo, ya fara gina tashar daidai yadda take, dutse bayan dutse. Kwana huɗu yana yi. Ya kira ƙanwarsa ta gani, ya tashi ya ba ta kujerar, ya ce daga yau duk safiyar Lahadi tata ce, zai koya mata kibod da linzamin kwamfuta, ba wuya. Ya ce da hotunan nan za su iya mayar da komai, har ya fi na da.

Ta zauna ta duba. Ta ce ya yi kyau, kuma da gaske take. Ta tambaye shi tumakin fa, ya ce za a samo wasu a sa musu sunayen. Ta tambaye shi wa zai gina gadar. Ya ce shi zai gina, zai karkata ta daidai yadda take a hoto. Ta ce a'a, kada ya gina. Ta tashi ta mayar masa da kujerarsa. Ba ta daina yi masa magana ba, takan miƙa masa gishiri a tebur, takan gaya masa idan motar makaranta ta iso. Amma ba ta ƙara shiga ɗakin ba.

Ranar ƙarshe kafin hutun Kirsimeti, bayan yara sun watse, ta tsaya tana taya ni cire adon takarda daga tagogi. Na ba ta haƙuri a kan nawa laifin, na ce da na bincika maganar kafin in sa maki. Ta ce ba ni ce na faɗa ba, ni cewa na yi a rubuta wanda ya faɗa, kuma ta rubuta.

Na so in sassauta mata, kamar yadda muke yi wa yara. Na ce samari a shekarun Emmet sukan yi abu ba tare da tunani ba. Na ce wataƙila shi a wurinsa gem ne kawai, bai san yadda garin yake a ranta ba.

Ta girgiza kai tana naɗe zaren ado a yatsanta.

"Ya sani, Malama. Wanda bai sani ba ba zai ɗauki gadar sau bakwai ba."

Da ma ina so ne in ba ta wani dalili mai sauƙi ta riƙe, amma ta riga ni ganin abin yadda yake. Linnea ta gane cewa yayanta yana son garin kamar yadda take son sa, ya san sarai abin da rasa shi zai yi mata, kuma duk da haka ya zauna kusa da ita yamma uku yana taya ta rubuta yardarta.